Fulashin ɗin injin da ake tallata mana a wajen juye, na biya an yi min ga abin da na gani

Jama'a tun watan jiya nake ta cewa zan rubuta wannan abu sai yau Allah ya nufa. Maganar fulashin ce, wato wankin cikin injin nan da yanzu kusan duk wajen juyen da ka shiga a garin nan sai yaro ya ɗauko maka wata 'yar kwalba yace Alhaji a zuba maka wannan tukunna kafin a sauke mai. Ni na biya an yi min, ƙanin matata ma ya biya an yi masa, kuma abin da ya biyo baya bai zo ɗaya ba, shi yasa nake ganin ina da ɗan bakin magana a kai.

Motata Camry ce 2008, wadda muke ce wa Muscle, mai silinda huɗu 2.4. Shekara shida kenan tana hannuna kuma duk rashin kirkina akwai abu ɗaya da bana wasa da shi, juye. Kilomita 5,000 na cika ko wata biyar ya zagayo, duk wanda ya riga zuwa, to na sauke mai na canza filta, ko da kuwa a gida za a ci garau-garau sati guda. Da can wajen bakanikena nake kai ta, wani dattijo a Ƙofar Ruwa da kowa ke ce wa Baba, amma ranar nan ina sauri ga shi daga Gyaɗi-Gyaɗi zan ratsa gari har can a cikin gosulo, sai nace bari in gwada ɗaya daga cikin sababbin wuraren sabis ɗin nan na titin gidan Zoo. Ba zan faɗi suna ba, ba faɗa nazo yi da kowa ba.

Gaskiya wajen ya yi. Akwai tsafta, akwai na'urar ɗaga mota ba sai yaro ya kwanta a ƙasa kan kwali ba, akwai ɗakin jira da fanka da ruwan sanyi, kuma a gabanka suke fasa galan kaga hatiminsa da idonka, wanda ni a wajena wannan kaɗai ya isa in ba su maki mai yawa. Yaran ma ba su da raini. Matsalar daga lokacin da aka buɗe bonet ta fara. Yaron ya zaro geji, ya shafa man a farar tishu ya miƙo min har kusa da hancina yace "Alhaji kalli fa, kamar kwalta, wannan injin ya daɗe ba a wanke cikinsa ba, in aka zuba sabon mai a haka asarar kuɗi ce kawai." Ya faɗe shi cikin ladabi da nuna tausayi kamar likita zai gaya maka sakamakon gwaji. Nace nawa ne? Yace kwalbar da aikin naira 12,000. Na san a raina cewa baƙin mai ai sunansa kenan baƙin mai, wanda ya yi kilomita 5,000 a cikin Kano in ya fito fari tas ma shi ne abin tsoro, amma ka san halinmu, an ce maka Alhaji sau uku a gaban mutane, ga wani mai Lexus a gefe yanzun nan yace a zuba masa ba tare da ya tambayi kuɗi ba, sai kawai naji bakina yace to zuba.

Yadda ake yi ba wani abu ne mai wahala ba. Injin na da zafi aka buɗe murfin mai aka juye kwalbar a kan tsohon man, 'yar ƙarama ce mililita 300, aka tayar da mota aka bar ta a tsaye tana silo minti 10 zuwa 15 ba a taka totur ba, sannan aka kashe aka kwance noti aka sauke, aka sa sabuwar filta da sabon mai. Shi kenan. A nan ma dole in yaba musu domin yaron ya sa ido a agogo, kuma da wani abokin aikinsa ya zo zai ɗan bubbuga totur sai ya buge masa hannu. Wannan daidai ne, saboda maganin tsinka man yake yi ya koma kamar ruwa, in ka ba inji wuta ko ka hau titi da shi a haka ƙarfe ne zai dinga cin ƙarfe. Duk wanda yace maka ka zuba ka zagaya gari ka dawo, ɗauki motarka ka gudu.

Da man ke zuba sai ya kira ni, "Alhaji zo ka gani, kalli dattin da ya fito." Na leƙa, baƙi ne ƙirin kuma ya tsinke yana zuba shaaa. To amma ai ko ba a zuba komai ba baƙi zai fito, sau nawa ina tsaye a kan Baba yana sauke min mai. Wannan shi ne dabarar cinikin gaba ɗaya, ba ka da abin da za ka gwada da shi, an nuna maka baƙi kafin, an nuna maka baƙi bayan, kai kuma ka tafi gida kana jin ka yi wa motarka gata.

Sakamako a tawa motar? Babu. Wlh babu ko ɗaya. Ranar farko naji kamar ta yi laushi, amma duk ranar da na yi juye haka nake ji, har in na wanke ta ma ji nake kamar ta ƙara gudu. Shan fetur yana nan yadda yake, ƙarar inji da safe tana nan, ɗan man da take ragewa tsakanin juye da juye yana nan bai ƙaru ba bai ragu ba. Abu ɗaya da na lura sabon man ya ɗan jima kafin ya yi duhu, kamar sati biyu yana nan garau a geji, daga nan ya koma halinsa. Wato na sayi sati biyu na kallon geji mai kyau a kan 12,000. Ba ta cuce ni ba, ba ta amfane ni ba, ba cinya ba ƙafar baya.

Na ƙanin matata ne labari. Yaron nan ya tara kuɗinsa ya sayi Honda Accord 2004, wadda ake ce wa EOD, ta hannu, ba 'yar Kwatano ba, irin wadda ta zaga hannu uku huɗu a nan gida, jiki fes an sake fenti, ciki kuwa sai Allah. Wanda ya sayar masa ya rantse yanzu aka yi mata sabis. Sati guda da saye akwai ɗaurin auren abokinsa a Zariya, yace bari ya yi juye kafin ya hau hanya, wanda tunani ne mai kyau, sai a wani wajen daban aka yi masa irin hudubar da aka yi min, shi kuma da ma sabuwar mota ce a ransa ko me aka ce zai ce a sa. Aka yi fulashin ranar Juma'a da yamma. Asabar da safe sun wuce Kura lafiya, sun wuce Chiromawa, suna dosar Kwanar Dangora sai ga waya, "Yaya, jar fitilar nan mai kamar buta tana kawowa tana ɗaukewa, kuma ina jin wani kaf-kaf-kaf daga gaba." Nace kashe ta. Yace saura kaɗan mu... nace ka kashe ta nace, yanzun nan, ko a tsakiyar gona kake. Allah ya taimake shi ya ji magana. Ɗaurin aure dai a motar haya ya ƙarasa, motar kuma janwe ce ta dawo da ita Kano, kuɗin janwe kaɗai ya ninka na kwalbar ban san sau nawa ba.

Litinin muka haɗu a wajen Baba. Ya sa yara suka sauke kwanon mai na ƙasa, ni kuma na tsuguna ina kallo don ina son in gani da idona. Ka san ƙanzon da ke maƙalewa a gindin tukunyar tuwo? To irinsa ne sak, sai dai baƙi, wani gutsi-gutsi kamar tsakuwa wani kuma cakwal kamar an dama kwalta da laka. Rariyar famfon mai, wato 'yar ragar nan da ke bakin bututun da ke zuƙo mai daga kwano, ta toshe kusan gaba ɗaya, Baba ya ɗaga ta sama saitin rana, wani ɗan gefe ne kawai haske ke ratsawa. Ya sa sukundireba ya kankaro ya ɗora a tafin hannunsa ya miƙa wa ƙanin matata yace "Ɗana ga abin da ka biya kuɗi aka tayar maka daga barci." Da aka buɗe murfin sama kuma ba ka ganin ƙarfe sam, komai ya lulluɓe da dagwalo, sai wasu 'yan hanyoyi da mai ya yi wa kansa kamar zaizayar ruwan sama a unguwa.

Bayanin Baba ya fi na kowa shiga kaina. Yace ƙanzo in ka zuba masa ruwa na minti goma narkewa yake ko ɓamɓarowa? Ɓamɓarowa yake. To dattin da ya shekara biyar yana gasuwa a jikin inji ba zai narke a minti 15 ba, sakinsa kawai maganin zai yi, wani ya fita da tsohon mai, wani ya tsaya yana lilo, sai ka hau babban titi mai ya yi zafi yana gudu da ƙarfi sannan ya dinga faɗowa yana gangarawa kwano, famfo na zuƙa yana liƙewa a rariya har mai ya daina hawa sama. Yace da ma injin a bakin rami yake saboda sakacin waɗanda suka riƙe motar a baya, fulashin ƙarasa tura shi kawai ya yi. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido. An yi sa'a injin bai buga ba, metal ɗin, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, sun ɗan sha wuya amma ba su tafi ba, aka wanke kwano da rariya da murfi da hannu, fetur da buroshi, aka wanke 'yar ragar da ke jikin solonoyid na VTEC, wato na'urar da ke tura mai don sarrafa bawul ɗin injin Honda, ita ma ta cika, aka sa sababbin gaskit. Kwana biyu motar ta yi a can.

Wani abu kuma da ya biyo baya, bayan an tsaftace sai ga mai yana tsattsafowa ta wani oyil sil, wato robar da ke hana mai yoyo, da da can a bushe yake. Ashe robar ta daɗe da mutuwa, dattin ne ya toshe wajen yake riƙe da mai. Wannan ba laifin kowa ba ne amma ya kamata mai tsohuwar mota ya sani, ranar da ka wanke ciki ranar za ka san ainihin lafiyar robobinka.

Bayan wannan ne na zauna na ɗauko littafin motata da ke cikin aljihun gaba tun ranar da na saye ta ban taɓa buɗewa ba. Jadawalin sabis ya lissafa mai, filta, filtar iska, fulogi, ruwan lagireto, man birki, amma babu inda aka ce a yi fulashin a kowane juye ko ma a wani juye. Littafin Honda ma cewa ya yi motar ba ta buƙatar a ƙara wa mai wani sinadari, kuma ƙarin zai iya taɓa lafiyar inji. Dalili kuwa shi ne baƙin mai na gaske da kansa yana ɗauke da sinadaran wanki, wasu na hana datti kama ƙarfe wasu na riƙe shi yana yawo a cikin man har ranar da za ka sauke. Baƙin da yaro ke nuna maka a tishu shaida ce man ya yi aikinsa. Kuma ko yaya aka sauke mai ba ya fita duka, akwai wanda ke maƙalewa a lunguna, don haka ɗan ragowar maganin zai gauraya da sabon man da ka saya da tsada ya ɗan tsinka shi.

Ba wai ina cewa dagwalo ƙarya ba ne, akwai shi, kuma Kano ma gidansa ce. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, tsayuwa a gosulon Kurna ko Bata ko bakin Kwari inji na aiki mota ba ta tafiya, ƙurar hunturu da ke ratsa filtar iskar da aka shekara ana hurawa da iska ba a canzawa, gajeruwar tafiya daga gida zuwa makarantar yara a dawo a kashe inji bai gama zafi ba, duk waɗannan suna tsufar da mai da wuri. Shi yasa wanda ya karanta a intanet cewa a Turai ana kai kilomita 15,000 kafin juye yace shi ma haka zai yi a nan, to shi ya sani. Akwai ma injinan da suka yi suna da tara dagwalo tun a ƙasar da aka ƙera su, irin V6 na Camry pencil light da Sienna na ƙarshen shekarun 1990, har a 2002 Toyota ta ƙara wa masu su garanti zuwa shekara 8 a Amurka a kan wannan matsalar. To irin waɗannan motocin ne suka tsufa a can suka gangaro mana nan.

Amma babban abin da ke kashe mana inji a garin nan ba rashin fulashin ba ne, jabun mai ne da na awo. Man da ake ɗura maka daga durom a robar lemo ba ka san daga ina ya fito ba, ko galan mai suna mai kyau da aka tsinto aka sake cikawa aka liƙe. Ka taɓa lura yadda yaran gareji ke rububin galan ɗinka da zarar an juye? Wasu don zuba ruwa ne ko kananzir, wasu kuwa sayarwa suke kuma ka san inda zai ƙare. Ni yanzu ko in tafi da abuna ko in sa wuƙa in farke shi a gabansu, ana min kallon marowaci amma ban damu ba. Sai kuma zancen kauri, kowace mota ka kawo a ce 20W-50 mai kauri, wai zafin Kano. Murfin tawa 5W-20 mara kauri aka rubuta a jiki, injin da ke da VVT-i, wato tsarin bawul da mai ke sarrafawa, da ƙananan hanyoyin mai kamar jijiya, ka ɗura masa mai kamar zuma da asubar hunturu kace me zai faru. Wannan wani dogon faɗa ne da ni da Baba har yau ba mu gama ba, shi mutumin zamanin Peugeot 504 ne, a nan kam bana bin sa.

Kada in manta da masu cewa ai ba sai ka sayi kwalba ba, kananzir ko man gas ma yana yi. E yana wankewa, tun zamanin iyayenmu ana yi wa tsofaffin Peugeot da Bedford, amma kananzir ba ya sa ƙarfe santsi kamar mai, mintunan da inji zai yi yana juyawa da shi bushewa yake aiki, ga robobi da yake busarwa. A motar zamani kar ka soma. Masu babur kuma ku yi hattara ko da na kwalbar ne, domin kulocin babur a cikin man injin yake wanka, akwai magungunan da a jikinsu ma an rubuta ba na babur ba ne.

To wa ya dace ya yi? A nawa ganin akwai wani ɗan tsakiya siriri. Motar da ka buɗe murfin mai ka haska da tocin waya kaga ƙarfen ya yi ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan laushin datti kaɗan, ba ƙanzo ba, ko wadda ruwan lagireto ya taɓa shiga mata mai bayan gaskit ya ƙone aka gyara ana son fitar da ragowar kunun, ko wadda ka tabbatar an zuba mata jabun mai sau ɗaya kana son ka rabu da shi. A irin wannan maganin kamfani na gaske, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, a canza filta, ba laifi. Ko a nan ɗin ma ni na fi son hanyar Baba mai sanyi, ka zuba mai mai kyau ka sauke a kilomita 1,000 zuwa 1,500, ka maimaita sau biyu ko uku da sabuwar filta kowane karo, man da kansa zai dinga lasar dattin kaɗan-kaɗan ba tare da ya ɓamɓaro shi gaba ɗaya ba. Ya fi tsada in ka haɗa lissafi, amma babu janwe a ciki. In kuwa ka haska kaga ƙanzo, manta da kwalba, a kwance murfi da kwano a wanke da hannu. Abin kamar maganin wankin ciki ne na masu tallar amsa-kuwwa a kasuwa, mai lafiya ya sha ya yi asarar kuɗinsa, wanda jikinsa ya riga ya yi rauni ya sha a kwashe shi ranga-ranga.

Abin da ya fi ba ni haushi da wuraren nan shi ne ba sa dubawa. Da yaron ya buɗe murfi ya haska ya ce Alhaji naka tas yake ba ka buƙata, da ya samu kwastoma na har abada. Da na can wajen sun haska na ƙanin matata sun ce wannan ya fi ƙarfin kwalba, da sun cece shi. Minti ɗaya ne aikin. Amma kowa tishu ake nuna masa, mai sabuwar mota da mai tsohuwa duk huduba ɗaya, kuma na fahimta, ribar galan ɗin mai ba ta da yawa, a irin 'yan kwalaben nan ake samun na cefane, wataƙila ma yaron akwai ɗan kason da ake ba shi a kan kowace kwalba. Ban ga laifin neman halak ba, amma a gaya wa mutum gaskiya ya zaɓa.

In maki zan bayar, wajen da na je na ba shi 7 cikin 10, saboda tsafta da man gaske da rashin ɓata lokaci, kuma na sake komawa. Fulashin a matsayin abin da za a dinga yi duk juye kuwa 2 cikin 10, biyun ma don sun yi shi yadda ya kamata ne.

Satin da ya wuce na koma juye, yaron nan dai na samu, ya zaro geji ya ɗauko tishu, kafin ya buɗe baki nace tsaya, buɗe murfin. Na kunna tocin waya muka leƙa tare, ƙarfe na ta sheƙi ruwan zinare. Ya kalle ni ya yi dariya yace "Alhaji an waye kenan." Nace filtar iska zaka canza min da kuɗin, ya zaro tsohuwar ya buga ta a ƙasa, ƙurar da ta tashi sai da mai shayin gefe ya rufe kofunansa.